Godiya ga sashen kunne na UDUTH Sakkwato

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in gode ma ma'aikatan sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, musamman likitar da ta duba Innarmu, Allah shi saka mata da alheri.

Kunnen Inna na hagu ya daɗe yana ƙara dare da rana, ji ya ragu, ga jiri in ta miƙe. Mai kemis ya ce datti ne, ya ba mu maganin ɗigawa, shiru. Sai da anka yi hoton MRI anka ga ƙari a jijiyar ji, wadda ta taso daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Wani asibitin kuɗi da munka kai ma hoton ko zama ba mu gama yi ba sunka ce mu nemi biza mu tahi Indiya ko Masar a yi mata gashi, wato a haska ma ƙarin haske mai ƙarfi na na'ura ba tare da yanka ba, har da lambar ejan da ke shirya tafiyar sunka miƙo muna, wallahi a daren nan yayyena sunka fara zancen sai da gona.

Ita ko wagga likita kujera ta jawo ta fuskanci Inna, ta ce Inna kwantar da hankalinki, wanga ba ciwon kansa ba ne. Da Hausa ta yi muna bayani cewa irin ƙarin nan a hankali yake girma, galibi milimita 1 zuwa 2 a shekara, wani ma tsayawa yake cak. Gashin da ake yi da na'urar Gamma Knife yana amfani ga wanda bai wuce santimita 3 ba, amma ba fidda shi yake ba, hana shi girma yake, kuma jin da ya tahi ba ya dawowa, sauran jin kunnen ma yana iya raguwa daga baya. Tunda na Inna ƙarami ne ana iya sa ido, a sake MRI bayan wata 6, sannan shekara-shekara, in ya motsa sai a yi zancen gashi. In fuska ta fara mutuwa ko tafiya ta koma tangaɗi mu dawo nan take.

Abin da ya fi taɓa ni, Inna ce likitar ta tambaya me take so, ba mu ba. Inna ta ce a sa ido.

Don Allah masu asibitin kuɗi ku ji tsoron Allah, mutum ya zo a firgice ku ƙara firgita shi, bayani na minti goma ya gagare ku amma rasit ba ya gagararku. Talakawa nawa sunka sai da gonakinsu a haka?