A Kafa Ma'ajiyar Tantanin Mabiyiya Domin Masu Ƙuna A Zariya

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Da hunturu ya kama, ƙunar kaskon gawayi da fashewar gas da fetur ɗin da ake ɓoyewa a ɗaki sai su yi yawa, kuma masu tsananin akan garzaya da su asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Muna so jama'a su san abin da ake rufe irin wannan ciwo da shi.

Idan wuta ta cinye fata har ƙasa, wurin ya yi fari ko baƙi, ya bushe kamar ƙirgi, har ba a jin zafi in an taɓa, to fata ba za ta sake tsirowa ba. Sai an yanke mataccen naman cikin kwanakin farko, a yanko siririyar fata daga cinyar majinyacin a dasa. Inda aka yanko yakan warke cikin mako 2. Matsalar ita ce wanda ya ƙone da yawa ba shi da sauran fatar da za ta isa, ga ruwan jiki yana tsiyayewa, ga ƙwayoyin cuta suna shiga.

A nan madadin fata ke amfani. Akwai Integra, wata fata mai hawa biyu da ake haɗawa a masana'anta, wadda Amurka ta amince da ita a 1996: ƙasanta sinadarin kolajin na shanu (sinadarin da ke ƙarfafa fata), samanta silikon, wani nau'in roba. Jijiyoyin jini sukan ratsa ta cikin mako 2 zuwa 3, sannan a ɓare silikon ɗin a ɗora fatar majinyacin. Jini ya taru a ƙarƙashinta, ko mugunya, ko ta goce saboda motsi, shi ke nan ta lalace. Tsadarta kuwa ta fi ƙarfin talaka.

Fatar karfasa da likitocin Burazil suka gwada, ta ƙunar da ba ta kai can ƙasa ba ce.

Abin da ke hannunmu shi ne tantanin mabiyiya, wato siririn tantanin da ke lulluɓe jariri a cikin mahaifa. Da yardar mai jego ake ɗaukarsa lokacin haihuwa ta tiyata, bayan an gwada jininta kan ƙanjamau da ciwon hanta. A wanke shi da ruwan gishirin asibiti, a adana cikin gilisarin mai ƙarfin kashi 85 cikin 100 a firji. Yana rage raɗaɗi da asarar ruwa, amma rufin wucin gadi ne. Ƙuna mai zurfi dole sai dashe.

Muna roƙon gwamnatin Jihar Kaduna da masu hali su samar da firji mai aiki da hasken rana, da kayan gwajin jini, da horon ma'aikata. Malamanmu kuma su yi wa jama'a bayanin hukuncinsa, domin iyalai sukan so su binne mabiyiya da kansu.

Wassalam.
Daga wasu ma'aikatan lafiya masu kula da ƙuna, Zariya.