Ɗana ya dawo daga Labanan, amma ba ya barci

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni mai sauraron shirinki ce daga Aboabo a nan Kumasi, ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Kejetia. Ni nake faɗa, 'yata tana rubutawa a waya, in magana ta yi tsawo ki yi haƙuri, bakin 'yar kasuwa ne. Don Allah kada a ambaci sunana.

Maganar ɗana ce na fari. Soja ne, shekara bakwai ke nan da ya gama horo a Shai Hills. A 2024 sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura Labanan aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka kai su sansanin horo na Bundase suka yi shiri, suka tashi. Ni a lokacin abin da na sani game da Labanan bai wuce Larabawan nan masu shaguna a Adum ba. Mutane suna ta yi mini murna, wai tun 1979 sojojin Gana suke zuwa can suna dawowa da kuɗin gina gida. Sai ga shi a watan Satumba yaƙi ya rincaɓe tsakanin Isra'ila da Hizbullah, a daidai kudancin ƙasar inda yaranmu suke.

Hajiya, uwa ce kaɗai ta san irin wannan zaman. Rediyo ya koma ƙarƙashin matashina. A watan Nuwamba na ji an ce roka ta faɗa wani sansani ta ji wa sojojin Gana huɗu rauni, kuma ba a faɗi sunaye ba. Kwana biyu wayarsa ba ta shiga. Ban buɗe shago ba, ruwa ma da ƙyar ya wuce maƙogwarona. A rana ta uku saƙon murya ya shigo WhatsApp ɗin ƙanwarsa: "Ki ce wa Mma lafiyata lau." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na sa ta maimaita mini shi har cajin wayar ya ƙare.

Da shekara ta cika Allah ya dawo mana da shi, ƙafa biyu hannu biyu. Ranar da ya iso Kumasi layinmu bai ɗauki mutane ba. Maigidana Alhaji ya yanka rago, aka yi saukar Alƙur'ani da safe, aka dafa waakye da tuwo da miyar ayoyo, gwaggonninsa suna ta rangaɗa guɗa. Yara suna layi kowa yana so ya ɗora shuɗiyar hular nan ta sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a kansa a ɗauke shi hoto. Ranar Juma'a Alhaji ya saka babbar rigarsa ta Sallah ya kama hannunsa har masallaci, suka bi dattawan unguwa gida gida. Gidan mijina dama gidan soja ne. Mahaifin surukata yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, wato Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma lambarsa tana nan cikin wani tsohon gwangwani. Alhaji ya ɗauki lambar da aka ba yaron a Labanan ya haɗa su wuri ɗaya, duk baƙon da ya shigo sai ya buɗe masa, ya ba shi labarin yadda barikin Burma Camp na Ankara ya samo sunansa, da yadda a zamanin kakansa da Hausa ake magana a bariki. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura. A kasuwa yanzu Maman Soja ake kirana, kuma ina amsawa.

To da rana ke nan. Ɗakina yana jikin nasa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Duk lokacin da ya kwana a gida ba ya barci. Ina jin takunsa daga ƙofa zuwa taga har a kira assalatu. In ya ɗan runtsa sai ya farka da ihu, wani lokaci da Turanci, kamar yana ce wa wasu su kwanta ƙasa. Lokacin Kirsimeti yaran maƙwabta suka fasa nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, a bakin ƙofa yana alwala. Kafin in ɗaga kai ya yar da buta ya kife a ƙasa, hannu biyu a ka. Ya tashi ya kalle ni, na kalle shi, sai na juya na ci gaba da tankaɗe kamar ban ga komai ba. Wannan juyawar tana cina har yau.

Kin san al'adarmu da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba tun da na haife shi. Da aka yaye shi surukata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ita yake tsokana yana kiranta matarsa, ita yake gaya wa abin da ke ransa. Ta rasu cikin azumi yana can. Alhaji ya sanar da shi ta waya, ya ce Allah ya jiƙanta, ya kashe. Da ya dawo sai ga wani bargo mai laushi a jakarsa, ashe tun kafin rasuwar ya saya mata. Ya shimfiɗa shi a kan gadonta ya ja ƙofar. Yanzu wadda zai yi wa magana ba ta nan, ni kuma da nake nan, tsakanina da shi gaisuwa ce da "an gama abinci".

Ga 'yan'uwa kuma. Kowa ya ji an ce da dala ake biyansu. Kawunsa yana so a cika masa kuɗin Hajji, ƙaninsa yana son pragya, keken hayan nan mai ƙafa uku, wata gwaggo ta kawo lissafin kayan ɗakin 'yarta. Ba ya cewa a'a. Duk wanda ya zo sai ya tura masa kuɗi ta waya, ta MoMo, don dai ya tashi ya ba shi wuri. Filin da ya saya a Kenyasi, bulo ɗin da aka buga suna nan ciyawa ta rufe su.

Na gwada yi wa Alhaji maganar daren nan. Ya ce gajiya ce da bakin mutane, ya karɓo rubutu, aka yi ruƙiyya sau biyu. Ba na raina addu'a, ni ma da ita nake kwana, amma takun nan bai daina ba. Yanzu shawararsa ita ce a ɗaura aure bayan Sallah, wai namiji in ya ajiye iyali hankalinsa zai kwanta. Yarinyar da zai aura 'yar mutunci ce, ta jira shi shekara guda cur, iyayenta ba su san komai ba. Ni ma ina da 'ya'ya mata. In aka kawo wa tawa miji a wannan hali aka ɓoye mini, ba zan yafe ba.

'Yar tawa da ke rubuta wannan tana karatun nas. Ta ce ciwo ne sananne da ke kama waɗanda suka ga tashin hankali, yana da likitoci, kuma ana samun sauƙi. Ta yi ƙarfin hali ta gaya masa. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, kuma in maganar ta shiga fayil ɗinsa ƙarin girma ya wuce shi. Daga nan ya gaya mata abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto: yana neman a saka sunansa cikin masu tafiya Sudan ta Kudu. Wai a can ya fi samun barci, don kowa da ke kusa da shi ya san abin da ya sani.

Hajiya, ki ba ni shawara. In ajiye kunyar nan in shiga ɗakinsa in zauna, bayan shekara kusan talatin ban taɓa yi ba? In na shiga, da wace kalma zan fara, yadda ba zai ji na ga tsiraicinsa ba? Na san in na ce ban yarda ya tafi ba, zai fasa tafiyar, bai taɓa tsallake maganata ba, amma ina tsoron in tsare shi a gida ya ci gaba da lalacewa a gabana. Akwai hanyar da soja zai ga likitan irin wannan ba tare da aikinsa ya taɓu ba? Sannan maganar aure: in nemi Alhaji ya ɗaga, ko in je in sami uwar yarinyar mu yi magana ta mata, ko da ransa zai ɓaci?

In kina da masu sauraro tsofaffin sojoji da suka je Laberiya ko Ruwanda ko Labanan ɗin, ko matansu, ina roƙo su kira su faɗi yadda aka yi a gidajensu. Zan kasance kusa da rediyo.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Maman Soja,
Aboabo, Kumasi