Ina koyar da wasiƙar Afisa, ashe da ni take magana

Zuwa ga Baba Fasto, mai amsa tambayoyin masu sauraro,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kai da iyali da dukan masu taya ka wannan hidima kuna cikin ƙoshin lafiya. Na daɗe ina sauraron shirinka, amma ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto maka ba, domin a ikilisiyarmu ni ake kawo wa tambaya. Shekara 22 ke nan da yi mini baftisma, kuma 14 daga cikinsu na yi su ne ina koyar da ajin manya a Makarantar Lahadi.

A watannin baya muka shiga nazarin wasiƙu bakwai na sura ta 2 da ta 3 cikin Wahayin Yahaya, waɗanda aka aika daga tsibirin Batmusa zuwa Afisa, da Samirna, da Birgamas, da Tayatira, da Sardisu, da Filadelfiya, da Lawudikiya, garuruwan da a yau suke cikin ƙasar Turkiyya. Na yi shiri sosai, kuma ba zan ɓoye maka ba, wasiƙar Lawudikiya na fi ɗokin kaiwa gare ta. Na riga na tanadi bayani a kan arzikin garin, yadda girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu amma mutanensa suka sake gina shi da kuɗinsu ba tare da karɓar taimakon Roma ba, da yadda maƙwabtansu na Hirafolis suke da maɓuɓɓugan ruwan zafi, su kuwa aka kira su masu tsaka-tsaki, ba zafi ba sanyi. A zuciyata har na san fuskokin da zan kalla idan na zo wurin, wato masu zuwa sujada a makare da masu ɓacewa sai lokacin Kirsimeti.

Amma ban kai can ba, wasiƙar farko ta tare ni. Baba, ka fi ni sanin cewa ikilisiyar Afisa ba ta malalata ba ce. Manzo Bulus ya yi shekara 3 a cikinsu, kuma da ya kira dattawansu zuwa Militas don yin bankwana ya gargaɗe su cewa mugayen kyarketai, wato malaman ƙarya, za su shigo bayansa. Sun kuwa riƙe gargaɗin, domin Ubangiji da kansa ya shaida wahalarsu da jimirinsu, ya ce sun gwada masu kiran kansu manzanni sun same su maƙaryata, sun kuma ƙi ayyukan Nikolatawa, wata ƙungiyar masu karkatacciyar koyarwa. Duk abin da nake alfahari da shi a kaina yana cikin wannan yabo. Sai aya ta 4 ta sura ta 2 ta ce sun bar ƙaunarsu ta fari, aya ta 5 kuma ta ce idan ba su tuba ba za a kawar da fitilarsu daga mazauninta. Ina tsaye gaban aji ina karantawa na ji bakina ya yi nauyi, na kammala darasin ne kawai domin na saba.

Da na koma gida na ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki nawa, wanda bangonsa ya rabu na ɗaure shi da zare. Gefen shafuffukansa cike yake da rubutun hannuna, wani wuri addu'a, wani wuri kwanan watan da Allah ya amsa mini roƙo, a kusa da Zabura 51 kuma tawada ta baje saboda hawaye. Na buɗe sabon da nake amfani da shi yanzu, shi ma cike yake da rubutu, amma duka jigogin darasi ne da abin da zan faɗa wa wasu. Na rasa wuri ɗaya da na rubuta wani abu tsakanina da Ubangiji.

Abin da ya ƙara karya mini zuciya ya faru a addu'ar iyali. Na fara addu'a, sai na ji ƙaramar 'yata mai shekara 6 tana raɗa kalmomin kafin in furta su, har ta riga ni kaiwa Amin. Ba da reni ta yi ba, ta haddace ne domin kullum abu ɗaya take ji. Matata ba ta ce kome ba a lokacin, sai da dare ta ce mini, “Baban yara, da can idan kana addu'a nakan san da wani kake magana.”

Ban fāɗa cikin wani zunubin da za a nuna da yatsa ba, ban daina ba da zaka ba, ban kuma yi shakkar bishara ba. Wannan ne ma yake ba ni tsoro, domin mai ciwon da ake gani yakan sami mai magani, ni kuwa kowa yana gaishe ni da girmamawa. Yanzu idan na karanta abin da aka faɗa wa Sardisu, cewa tana da suna rayayya alhali matacciya ce, ba na iya tuna kowa sai kaina. A Jibin Ubangiji na ƙarshe, lokacin da aka karanta 1 Korantiyawa 11:28 cewa kowa ya gwada kansa, na riƙe ƙoƙon a hannuna na daɗe ban sha ba.

Ga inda nake neman taimakonka. An umurci Afisa ta tuna inda ta fāɗo, ta tuba, ta yi ayyukanta na fari. Tunawa na tuna, tuba kuma na roƙi gafara da iyakar gaskiyata, amma na ukun ya ɗaure mini kai, domin ayyuka ba su ne suka yi mini ƙaranci ba. Na gwada tashi da asuba domin addu'a sati biyu a jere, sai na ga na mai da shi wani aikin da nake ƙirgawa. Ta yaya mutum zai koma ga ayyukan fari ba tare da ya ƙara wa kansa wani kayan ba? Yaya kuma zan bambanta bushewar da takan zo wa kowane mai bi na ɗan lokaci da sanyin da Ubangiji ya kira fāɗuwa?

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi hana ni barci. Shin in je wurin fastonmu in roƙa a ba wani ajin na wasu watanni, ko kuwa ajiye hidima a irin wannan hali guduwa ce? Saura sati uku mu kai wasiƙar Lawudikiya, inda Ubangiji yake tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa, kuma ba na so in koyar da wannan aya ina kallon fuskokin wasu. Ina roƙonka ka amsa mini kafin lokacin, ka kuma sa ni cikin addu'a.

Ɗanka cikin Almasihu,
Wani malamin Makarantar Lahadi