Wa ake bibiya, ɓarayin daji ko yaranmu?

Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan matsin da matasa masu fafutukar kare sirrin jama'a a intanet suke sha.

Ni mai gyaran waya ne a Gusau. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, wai don a riƙa gano masu garkuwa da mutane. Muka bi layi cikin rana, har da tsofaffi da masu goyo, muka dangwala yatsu. A watan Satumba na 2021 aka ɗauke sabis a faɗin Zamfara, sana'ata ta tsaya cik, muka haƙura saboda an ce tsaro ne. To har gobe da waya ɓarayin daji ke kiran dangi suna cinikin kuɗin fansa.

Amma yaron da ya tambayi inda ake ajiye bayananmu, shi kam ba a kwana ba a gano shi ba. Akwai wani matashi a unguwarmu da ke koya wa mutane kulle WhatsApp ɗinsu, yana hana su miƙa wa kowa lambar BVN. Rubutu ya yi a Facebook yana tambayar wa ke sauraron wayoyinmu. Wasu jami'ai suka kira shi, suka karɓe wayarsa, suka karanta masa hirarsa da abokansa. Mahaifiyarsa ta yi ta kuka tana roƙonsa ya bari. Ya bari. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin gidanmu, wasiƙunmu da hirarmu ta waya. An yi dokar kare bayanai a 2023. Kotun ECOWAS ta ce sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024, amma ba a daina kame da shi ba. A ƙarin kasafin 2021 kuwa, naira biliyan 4.8 aka ware don sa ido kan WhatsApp da kiran waya.

Ina kira ga wakilanmu na Zamfara a Majalisar Tarayya su tambaya a bainar jama'a: wace kotu ke ba da izinin sauraron wayar mutum, kuma ɓarayi nawa aka kama da kuɗin nan?

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Gusau