Zuwa ga ƙanina mai tambayar jirgin da ba ya shan mai

Salamu alaikum ƙanina. Ranar da nake filin kimiyya a rediyo ka bugo waya kana tambaya wai da gaske ne an kusa ƙera jirgin sama mai aiki da nukiliya mai sanyi, wadda ake ce wa LENR, ya daina shan mai? Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba, to ga ta nan.

Tunanin ba shirme ba ne fa. Injin jirgi zafi kawai yake nema, ya zuƙi iska ya matse ta ya ƙona kananzir a ciki ta yi zafi ta fice ta baya da ƙarfi, shi ke tura jirgin. In ka samo abin da zai ba da zafin nan ba kananzir ai shikenan. Shi ya sa har NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta zana irin jiragen wajen 2014. Amma a takarda.

Maganar nukiliya mai sanyin ta taso ne ranar 23 ga Maris 1989, da wasu masana kimiyya biyu, Fleischmann da Pons, suka tara 'yan jarida a Jami'ar Utah suka ce sun tsoma ƙarfen faladiyam cikin ruwa mai nauyi, wani irin ruwa da ya ɗan fi na sha nauyi, sun jona masa lantarki, zafin da ya fito ya fi ƙarfin da suka zuba, wai rarar daga nukiliya take. Duniya ta ɗauka, masana ko'ina suka yi ta gwadawa, yawancinsu shiru kake ji. Google ma ta narka kusan dala miliyan 10, a 2019 masu bincikenta suka fito a mujallar Nature suka ce ba su ga rarar zafin ba.

Kai, nukiliyar da kowa ya san tana aiki ma sai da ta gagari jirgi. Amurka ta ɗora tukunyar nukiliya a wani jirgi mai suna NB-36H, ya tashi sau 47 daga 1955 zuwa 1957, kuma ba ita ke juya injin ba, kariya daga mugun tururin nukiliya ake gwadawa, ɗakin matuƙa kaɗai dalma da roba kusan tan 11! A 1961 shugaban Amurka Kennedy ya rufe shirin. Masu LENR cewa suke tasu ba ta fitar da mugun tururin da zai sa a nemi dalmar nan, nan ne kwaɗayin yake.

Ni dai jira nake a tafasa butar shayi da ita a Utah, wasu daban su tafasa a Japan ba tare da mai na'urar na tsaye a kansu ba. Ranar ka sake bugo waya mu yi maganar fukafukai.

Naka, yayanka.