Lakuros Ba Sabon Wasa Ba Ne, Kuma Yana Da Masu Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na sashen wasanni, ina da ƙorafi a kan yadda aka gabatar da wasan lakuros a shirinku, ranar da ake lissafa wasannin da za a ƙara a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Mai gabatarwa ya ce sabon wasa ne na ɗaliban jami'o'in Amurka, 'ya'yan masu hannu da shuni, ya wuce abinsa. Batun 'ya'yan masu kuɗi yana da ƙamshin gaskiya, har ma zan ƙara masa hujja. Amma kiransa sabo, da damƙa shi kacokan a hannun ɗaliban jami'a, wannan kam ba zan iya yin shiru a kai ba. A Baltimore ta jihar Maryland nake zaune, inda daga Fabrairu zuwa Mayu da wuya ka wuce filin makaranta ba ka ga yara da sandunansu ba, kuma na daɗe ina bin gasar jami'o'in ta maza.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum goma-goma ake yi. Kowa na riƙe da sanda mai 'yar koma a bakinta, da ita ake cafe ƙaramar ƙwallon roba mai tauri, a yi gudu da ita, a wurga wa abokin wasa ko a narka ta a raga. Ragar ƙafa shida ce tsawo, shida faɗi, kuma ana iya zagayawa ta bayanta a ci gaba da wasa. Zango huɗu ne na minti 15 kowanne. Bangaza da dukan sandar abokin hamayya duk suna cikin ƙa'ida, shi ya sa ake sa hular kwano da safar hannu mai kauri. Tun 2019 aka ɗora wa kowace ƙungiya daƙiƙa 80 ta kai hari ko ta miƙa ƙwallo, wasan ya ƙara zafi.

Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara shirya gasar sili ɗaya ƙwale a 1971. Kafin nan babu wasan ƙarshe. Dattawan kwamiti ne ke zama su duba sakamakon kaka, su miƙa kofin Wingate ga wadda suka ga ta cancanta, wani lokaci ma a raba, kamar a 1970 da aka ce Johns Hopkins da Virginia da makarantar sojan ruwa ta Navy duk zakaru ne. Navy ɗin nan ta yi shekara takwas a jere, daga 1960 zuwa 1967, sunanta na kan kofin. Tun da aka koma raba gardama a fili ba ta sake ɗauka ba, sau biyu ta je wasan ƙarshe, a 1975 da 2004, ta dawo hannu rabbana. A gasar farko ƙungiyoyi takwas ne kacal, Cornell ta doke Maryland da ci 12 da 6 a filin Hofstra da ke jihar New York.

To ga hujjar da na yi wa mai gabatarwarku alkawari. Daga 1978 zuwa 2009, gasa 32 ke nan, jami'o'i biyar ne kawai suka riƙa miƙa wa juna kofin: Johns Hopkins, Syracuse, North Carolina, Princeton da Virginia. Dukkansu a gabashin ƙasar suke. Princeton, ƙarƙashin koci Bill Tierney, ta ɗauka sau shida tsakanin 1992 da 2001, alhali tana cikin rukunin jami'o'in Ivy League waɗanda ba sa ba ɗalibi tallafin karatu don ya iya wasa. A ƙwallon kwando ko ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, makarantar da ba ta ba da wannan tallafi ba ta ko jin ƙamshin kofi a yau. A lakuros kuwa Princeton da Cornell da Yale duk sun ɗauka. Dalili a fili yake. 'Yan wasan da yawansu daga makarantun kuɗi da unguwannin masu hali suke fitowa, a kewayen Baltimore da Long Island da makamantansu, inda uba ke iya sayen kayan wasa, ya biya kuɗin kulob, ya kuma biya kuɗin jami'a. Ga kuma dokar Title IX ta 1972, wadda ta wajabta daidaito tsakanin maza da mata a wasannin makarantu. Manyan jami'o'in da suka riga suka cika gurbin maza da 'yan zari-ruga sukan yi nauyin jiki wajen buɗe wata ƙungiyar maza mai mutum arba'in da ɗoriya. Shi ya sa rukunin farko na gasar lakuros ta jami'o'i bai wuce ƙungiyoyi saba'in da 'yan kai ba, na ƙwallon kwando kuwa ya haura 350.

Idan za ku ambaci adadin kofuna, ku yi hattara da Syracuse. A littafin NCAA, zuwa 2025, goma take da shi, Johns Hopkins tara, Virginia bakwai. Amma ka faɗi goma a gaban ɗan Syracuse ka ga ɓacin rai, shi sha ɗaya ya sani. Na 1990 ne abin rigimar. A lokacin tana da tagwaye 'yan Kanada, Gary da Paul Gait, waɗanda suka ci mata kofi uku a jere daga 1988. Gary ne ya yi tsalle daga bayan raga ya zura ƙwallo ta sama a wasan kusa da na ƙarshe da Pennsylvania a 1988, dabarar da daga baya aka haramta. Bayan shekaru hukumar ta soke kofin 1990, saboda matar koci Roy Simmons ƙarami ta tsaya wa Paul wajen karɓar bashin mota. A ganina hukuncin ya fi laifin girma, domin ƙungiyar ba ta sha kaye ko sau ɗaya ba a kakar, kuma ba motar ce ta ci mata ƙwallaye ba.

Yanzu ga inda na saɓa da ku. Tafiyar 'yan mintoci kudu da jami'ar Syracuse akwai ƙasar Onondaga, ɗaya daga cikin al'ummomi shida na Haudenosaunee, waɗanda Turawa suka fi sani da Iroquois. Su da sauran 'yan asalin nahiyar sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan wasa kafin a aza tubalin kowace jami'a a Amurka. A wurinsu wasan Mahalicci ne, ana yin sa don neman waraka ga mara lafiya da sasanta rigima, kuma akwai gidajen da ake sa wa jariri 'yar sandar itace a shimfiɗarsa, in ya tsufa ya mutu a binne shi da tasa. Wani likitan haƙori a Montreal, George Beers, shi ya rubuta ƙa'idojin zamani a 1867. Ba a yi nisa ba, a 1880, hukumar wasan ta Kanada ta hana 'yan asalin shiga gasanninta da hujjar wai suna karɓar kuɗi. Aka karɓi wasa, aka kori masu shi.

Duk da haka ba su bar filin jami'o'i ba. A 1957 Syracuse ta gama kaka ba a doke ta ba, mai tsaron gidanta Oren Lyons ne, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan dattawan Onondaga, a tsakiyar fili kuma akwai Jim Brown, Baƙar fatar da duniya ta fi sani da zari-ruga. Wasan ƙarshe na 2009 tsakanin Syracuse da Cornell shi ne wanda ban gajiya da ba da labarinsa. Cornell na gaba da ci 9 da 6, saura 'yan mintoci a tashi, magoya bayanta sun fara murnar kofin da suka rabu da shi tun 1977. Syracuse ta rama biyu. Saura daƙiƙa huɗu da 'yan kai, bayan an yi ta kokawar ƙwallo a tsakiyar fili, Kenny Nims ya farke ta uku. A ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci ya gama, Cody Jamieson, ɗan ƙabilar Mohawk, ɗaya daga cikin al'ummomin Haudenosaunee, daga yankin Six Nations na Kanada, ya jefa ta goma. Kofin Syracuse na ƙarshe ke nan zuwa 2025, kuma sandar ɗan masu wasan ce ta kawo shi. Cornell sai da ta ƙara jiran shekara 16 kafin ta doke Maryland 13 da 10 a 2025, a filin Gillette ɗin da aka yi mata wancan ɓarin.

Lambar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, Tewaaraton, da aka fara bayarwa a 2001, sai a 2014 ta fara shiga hannun 'yan asalin ƙasar, lokacin da wa da ƙane daga Onondaga, Miles da Lyle Thompson, suka raba ta. Lyle ya sake ɗauka shi kaɗai a 2015. Ba a Hopkins ko Princeton suka yi wasa ba, a jami'ar gwamnati ta Albany ne.

Baƙaƙen fata ma suna da nasu kason a tarihin, kuma a garin nan da nake. Jami'ar Morgan State ta Baƙaƙen fata ta kafa ƙungiya a 1970, wasu 'yan wasanta ba su taɓa riƙe sanda ba sai a lokacin, amma a 1975 suka kayar da Washington and Lee, wadda ke sahun gaba a ƙasar. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar farko, Miles Harrison, ɗansa Kyle ne ya jagoranci Johns Hopkins ta ɗauki kofin 2005 ba tare da an doke ta ba, ya kuma karɓi Tewaaraton.

Ƙofar cin kofin ta ɗan buɗe wa wasu jami'o'i daga 2010. Duke ta ɗauka a shekarar, Loyola ta nan Baltimore a 2012, Yale a 2018, Notre Dame sau biyu a jere a 2023 da 2024. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce Denver a 2015, karo na farko da kofin ya tsallaka yammacin ƙasar, kodayake Bill Tierney ɗin nan na Princeton ne ya kai shi can. Kada dai a zuzuta abin: jami'o'i 12 ne suka taɓa ɗauka daga 1971 zuwa 2025, kuma sababbin shigan duk makarantun kuɗi ne masu tsada.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne Olamfik ta 2028. Haudenosaunee suna da tawagar ƙasa tasu, ita ta zo ta uku a gasar duniya a 2014 da 2018 da 2023. Da fasfo ɗinsu suke tafiya, kuma a 2010 Birtaniya ta ƙi amincewa da shi, gasar duniyar da aka yi a Manchester ta wuce su suna zaune a New York. Da aka tsame su daga wasannin ƙasa da ƙasa na World Games na 2022, sai da Ireland ta janye ta bar musu gurbinta. Ƙa'idar Olamfik kuwa ita ce sai ƙasar da ke da kwamitin da aka amince da shi, su kuma ba su da shi, duk da cewa Shugaba Joe Biden ya fito ya goyi bayansu a Disamban 2023, kuma tawagar Mohawk ta taɓa cin tagulla a Olamfik ta 1904. Mai sauraro Bahaushe zai fahimci zafin abin in ya ƙaddara an kai dambe Olamfik, sannan aka ce Bahaushe ya koma cikin 'yan kallo.

Roƙona, Malam Edita, guda biyu ne. Wasan ƙarshe na jami'o'in ana yin sa ne ranar Litinin ta ƙarshen watan Mayu. Ku ba shi ko minti biyu a shirin makon da za a yi shi. In kuma za a sake ambaton lakuros da Olamfik, a ambaci Haudenosaunee da sunansu, a gaya wa masu sauraro inda maganar shigarsu ta kwana.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraro daga Baltimore, jihar Maryland, Amurka