Bizar Auren Jinsi: Abin da Dillalai Ke Ɓoye wa Matasanmu

Ya mai girma Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wata magana da ke yawo tsakanin matasa a nan Zariya, musamman waɗanda suka kammala karatu, suka gama bautar ƙasa, suke zaune babu aikin yi. Wasu dillalan biza suna raɗa musu cewa hanya mafi sauƙi ta samun takardar zama a Amurka ko Birtaniya ko Kanada ita ce mutum ya nuna yana da alkawarin aure da wani jinsinsa a can, ko da ƙarya ce, kuma su za su haɗa shi da abokin da za a yi wasan da shi idan ya biya. Matsayin addini da al'ada a kan auren jinsi sananne ne ga kowa, kuma malamai sun fi ni iya bayaninsa. Ni abin da ya dame ni shi ne rashin sanin doka, domin da shi waɗannan dillalai ke cin abinci.

Gaskiya ne cewa waɗannan ƙasashe suna ba da irin wannan biza. Kanada ta halatta auren jinsi a 2005, Ingila ta fara ɗaura shi a 2014, a Amurka kuwa hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2013 ya sa hukumar shige da fice ta riƙa ɗaukar waɗannan ma'aurata kamar kowa, sannan wani hukuncin na 2015 ya halatta auren a dukkan jihohi. To amma "kamar kowa" yana nufin babu wata ƙofa ta musamman da aka buɗe musu, sharuɗɗan da ke kan miji da mata su ne a kansu.

A Amurka, bizar baiko da ake kira K-1 ɗan ƙasa ne kaɗai ke da ikon nema wa wanda zai aura, mai katin zama ba shi da wannan iko, ballantana dillali. Dole ne mutanen biyu su tabbatar sun haɗu ido da ido cikin shekara biyu kafin a shigar da takardu, a yi gwajin lafiya, a kawo shaidar 'yan sanda, a zauna a gaban jami'in biza a ofishin jakadanci da ke Legas yana tambaya filla-filla a kan yadda aka haɗu da abin da kowa ya sani game da ɗan uwansa. Idan aka ba da bizar, sai a ɗaura auren cikin kwana 90 da shiga ƙasar. Ko bayan haka, katin zaman da ake bai wa wanda aurensa bai kai shekara biyu ba na wucin gadi ne, kuma bayan shekara biyu za a sake neman shaidar cewa ana zaune tare da gaske. A Birtaniya bizar baiko ta wata shida ce, ba a yarda mai ita ya yi aiki ba, kuma tun watan Afrilun 2024 ana buƙatar wanda ke can ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara. Kanada tana da wani rukuni na waɗanda doka ta hana su aure ko zama tare a ƙasarsu, amma shi ma sai an kawo hujjar alaƙa ta aƙalla shekara guda.

Wanda aka kama da auren ƙarya a Amurka yana iya fuskantar ɗaurin shekara biyar ko tarar dala 250,000, ko duka biyun, kuma ba za a sake amincewa da wata takardar zama da wani ya nema masa ba, ko da daga baya ya yi aure na gaskiya. Kanada tana haramta wa wanda ya yi ƙarya shiga ƙasar na shekara biyar, Birtaniya kuwa tana iya kaiwa shekara goma.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓangaren gida. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya ɗaura shi ko ya zama shaida ko ya taimaka, kuma ta ce takardar auren da aka samo daga waje ba ta da wani matsayi a Najeriya. Yanzu a duba abin da dillali zai nema a wajen yaro domin ya haɗa masa fayil: hotuna, saƙonnin waya da aka ƙirƙira, wasiƙu, da rantsuwa mai ɗauke da sunansa da sa hannunsa. Ashe yaron ya biya kuɗi ne domin a haɗa masa hujjar da za a yi amfani da ita a kansa a ƙasashe biyu. Idan jami'in biza ya gano ƙarya ce, ya rufe wa kansa ƙofar tafiya. Idan kuma takardun suka fito fili a gida, wa zai yarda cewa wasa ne? Gaba kura, baya sayaki. Dillalin da ke riƙe da fayil ɗin kuwa ya san wanda ya damfara ba zai taɓa kai ƙara wajen 'yan sanda ba, saboda haka yana iya dawowa ya nemi ƙarin kuɗi da barazanar tona asiri a gaban iyaye da mutanen unguwa, a gari irin namu da zargi kawai ya isa ya jefa ran mutum cikin haɗari kafin a je gaban alƙali.

Ya kamata a lura kuma cewa manufofin biza suna sauyawa ba tare da neman shawarar kowa ba. A farkon 2020 Amurka ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar ƙaura, sai a Janairun 2021 aka ɗage dakatarwar, ga kuma cacar biza da aka daɗe da cire Najeriya daga cikinta saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka ƙaura. Duk wanda ya ce yana da tabbacin biza a aljihunsa, ƙarya yake yi.

Saboda haka nake roƙon wannan jarida ta nemi lauyoyin da suka san dokokin shige da fice su riƙa yin bayani da Hausa a wani shafi na musamman, domin yawancin waɗannan sharuɗɗa da kuɗin kowace takarda suna nan a rubuce da Turanci a shafukan intanet na gwamnatocin, kyauta, amma ba sa isa ga uban da ake roƙo ya sayar da gona ko fili ya biya wa ɗansa kuɗin tafiya. Zai yi kyau kuma wakilanku su bincika yadda dillalan ke aiki a zaurukan WhatsApp, tare da sakaya sunayen matasan da abin ya rutsa da su.

Wassalam,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya.